BABI NA UKU: HUKUMOMIN LEƘEN ASIRI DA KOMAWA MULKIN FARAR HULA A NIJERIYA, WAIWAYE DAGA ƘASAR ZURU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka yi da hukumomin leƙen asirin Nijeriya a lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula cikin shekarar 1999. Abin da ake nufi da hukumomin leƙen asiri a nan shi ne waɗanda Bahaushe ke kira 'yan sandan ciki ko 'yan farin kaya, tare da takwarorinsu na cikin soja da kuma masu aiki a ƙasashen waje. Duk gwamnatin kama-karya da waɗannan jami'ai take gani, da su take ji. Saboda haka idan ta kau, abin da ke fara tsaya wa magadanta a wuya shi ne yadda za a yi da mutanen da suka yi mata wannan aiki, da takardun da suka tara a kan jama'a, da kuma dokar da ta ba su iko.

Ƙasashen Gabashin Turai sun shiga wannan hali daga shekarar 1989, sa'ad da mulkin gurguzu ya rushe a can. Nijeriya ba ta taɓa yin gurguzu ba, amma ta yi shekara goma sha biyar da 'yan watanni a jere a hannun soja, daga ƙarshen 1983 zuwa watan Mayun 1999, don haka kwatancin ba zai rasa amfani ba. Za a dubi al'amarin daga ƙasar Zuru, domin 'ya'yanta suna cikin manyan hafsoshin da suka riƙe ƙasa a wancan zamani, sa'an nan yankinta na Wasagu yana cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗar rashin tsaro bayan mulkin farar hula ya yi shekara ashirin.

3.1 Yadda Aka Yi a Ƙasashen Gurguzu

Jamus ta Gabas ita ce misalin da aka fi kawowa. Hukumar leƙen asirinta mai suna Stasi tana da ma'aikata kimanin 91,000 a shekarar 1989, ban da masu kai rahoto a ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 16 da 'yan kai ba. Bayan faɗuwar katangar Berlin a ranar 9 ga Nuwamba 1989, jami'an hukumar suka dukufa ƙona takardu da yayyaga su. Da mutanen garin Erfurt suka ga hayaƙi yana tashi, sai suka mamaye ofishin a ranar 4 ga Disamba, wasu garuruwa suka bi sahu, har aka kutsa babbar hedkwata a Berlin ranar 15 ga Janairu 1990. Abin lura shi ne takardun jama'a suka je tsarewa. A watan Disamba na 1991 aka yi doka wadda ta ba kowane mutum damar ganin fayil ɗin da aka rubuta a kansa, aka kuma ɗora wani limamin coci mai suna Joachim Gauck a kan wannan aiki. An ce da za a jera takardun da suka tsira, da sun kai tsawon kilomita 111. Mutane sun karanta sun ga sunan maƙwabci, wani ma ya ga na abokin zamansa na aure.

Cekoslobakiya kuwa ta fi mayar da hankali ga mutane. Ta rushe hukumarta a farkon 1990, sa'an nan a watan Oktoba na 1991 ta yi dokar tantancewa wadda ta hana tsoffin jami'ai da masu kai musu rahoto riƙe manyan muƙamai. Wannan hanya ba ta rasa illa ba. A Foland, wani jerin sunaye da Ministan Cikin Gida ya kai majalisa a watan Yunin 1992 ya jawo rikicin da ya kayar da gwamnati cikin 'yan sa'o'i, domin fayil ɗin ɗan leƙen asiri ba hukuncin alƙali ba ne, akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙage. Romaniya ta yi jan ƙafa. Ta rushe Securitate a ƙarshen 1989, ta kafa wata sabuwa a watan Maris na 1990 wadda ta ɗauki tsoffin ma'aikata da yawa, dokar buɗe takardu kuma ba ta samu ba sai 1999. A Rasha ma an rushe KGB a ƙarshen 1991, amma magajiyarta FSB ta ci gaba da mutanen jiya, har wanda ya shugabance ta a 1998, wato Vladimir Putin, ya zama shugaban ƙasa a 2000.

Ba sai an je Turai ba ma. Jamhuriyar Benin, wadda ta yi iyaka da Jihar Kabi, ta yi mulkin gurguzu a ƙarƙashin Mathieu Kérékou daga 1974 zuwa ƙarshen 1989. Ɗaya daga cikin gidajen yarin da ake kai 'yan siyasa a lokacin yana garin Segbana ne, daf da iyakar Kabi ta wajen Bagudo. Babban taron ƙasa da aka yi a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 ya karɓe iko daga hannun Kérékou ba tare da zub da jini ba, sai dai farashin da aka biya shi ne kariyar da aka ba shi daga tuhuma a 1991. Ya sake dawowa mulki ta hanyar zaɓe a 1996. Za a ga cewa hanyar da Nijeriya ta bi ta fi kama da ta Benin da Romaniya nesa ba kusa ba.

3.2 Daga 'Yan Sandan Ciki Zuwa NSO

Asalin wannan aiki a Nijeriya yana komawa ga wani reshe na musamman a cikin rundunar 'yan sanda tun zamanin Turawa, wanda babban aikinsa shi ne sa ido a kan 'yan siyasa da 'yan ƙwadago. A Arewa, magoya bayan NEPU da aka kafa a Kano cikin 1950 sun san shi sarai, ko da yake 'yan dokan En'e ne suka fi gasa musu aya a hannu. Bayan 'yancin kai reshen ya ci gaba da zama a ƙarƙashin 'yan sanda, kuma cikin waɗanda suka shugabance shi akwai Alhaji M. D. Yusufu na Katsina, wanda daga baya ya zama Sufeto Janar.

Kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu 1976 shi ya sauya wannan tsari. Gwamnatin Obasanjo ta ga cewa an ƙulla makircin Dimka ba tare da wani ya sansano shi ba, sai ta cire aikin daga hannun 'yan sanda, ta kafa hukumar tsaron ƙasa wadda aka fi sani da NSO, ta haɗa mata leƙen asirin cikin gida da na waje, ta kuma naɗa Kanar Abdullahi Mohammed ya shugabance ta. Ya kamata a riƙe wannan asali da kyau: an haifi hukumar ne saboda an kashe shugaban ƙasa, domin kada a sake kashe wani. Wato tun ranar suna fuskarta tana kallon fadar gwamnati. Da soja suka tashi tafiya a 1979, sai suka cusa dokar da ta kafa NSO a cikin tsarin mulki, tare da dokar mallakar ƙasa da ta bautar ƙasa da ta hukumar sauraron koke-koke, yadda majalisa ba za ta iya taɓa su cikin sauƙi ba.

A zamanin Shugaba Shehu Shagari, Alhaji Umaru Shinkafi ne ya riƙe hukumar, daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. Duk da haka juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya auku. Sunan NSO ya ɓaci ne ƙwarai a zamanin Janar Buhari, lokacin da Ambasada Muhammadu Lawal Rafindadi yake shugabanta. Doka ta 2 ta 1984 ta ba Shugaban Ma'aikatan Hedkwatar Ƙoli, wato Tunde Idiagbon, ikon tsare mutum wata uku ba tare da shari'a ba, a sabunta in wa'adin ya cika, kuma ba kotun da ke da ikon tambaya. Doka ta 4 kuwa da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. A cikin wannan shekara ne, ranar 5 ga Yuli, aka sami Alhaji Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin saman Stansted na Ingila ana shirin kawo shi Legas. Gwamnati ta musanta cewa da hannunta a ciki.

3.3 Gyaran Shekarar 1986

Janar Babangida ya karɓi mulki ranar 27 ga Agusta 1985, kuma cikin abubuwan da ya fara yi har da buɗe wa 'yan jarida ɗakunan tsare mutane na NSO da ke titin Awolowo a Ikoyi. Aka ɗauki hotunan mutane kimanin ɗari, ramammu, wasu ba riga, aka nuna wa duniya. Shi kansa Rafindadi ya yi fiye da shekara uku a tsare. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Umaru Shinkafi domin ya ba da shawara, daga nan Doka ta 19 ta watan Yunin 1986 ta fito. Ita ce ta rushe NSO, ta raba aikinta gida uku: SSS ta ɗauki cikin gida a ƙarƙashin Alhaji Isma'ila Gwarzo, NIA ta ɗauki ƙasashen waje a ƙarƙashin Albert Horsfall, DIA kuma ta ɗauki abin da ya shafi soja. Aka naɗa Aliyu Mohammed Gusau ya zama mai daidaita tsakaninsu.

Idan aka dubi wannan gyara a takarda, ya yi ma'ana, domin tara iko duka a hannu ɗaya haɗari ne. To, sai dai akwai abin da ba a taɓa ba. Shugaban ƙasa shi ke naɗa shugabannin hukumomin uku, a gare shi suke kai rahoto, shi ne kuma ke da ikon ƙara musu aiki da takardar umarni kawai. An soke Doka ta 4, amma an bar Doka ta 2 da ranta. Ana iya cewa rabawar ta fi yi wa mai mulki amfani, tun da yanzu kowace hukuma tana iya sa ido a kan 'yar'uwarta, babu kuma wani shugaban hukuma guda da zai yi ƙarfin da zai tsorata fada. An dai sauya wa tuwo suna.

Ba a yi wata biyar da wannan gyara ba sai ga abin da ya gwada shi. Ranar 19 ga Oktoba 1986 wani ƙunshi da aka kai gidan Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, ya fashe a hannunsa ya kashe shi, kwana biyu bayan SSS ta yi masa tambayoyi. Lauya Gani Fawehinmi ya yi shekaru yana neman a gurfanar da Kanar Halilu Akilu na leƙen asirin soja da Laftanar Kanar A. K. Togun na SSS. Dukansu sun musanta zargin, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan wannan kisa ba.

3.4 Zamanin Abacha da Hafsoshin Zuru

Daga 17 ga Nuwamba 1993 zuwa 8 ga Yuni 1998, wato zamanin Janar Sani Abacha, hukumomin da doka ta sani ma sun koma baya. Ikon gaske ya koma ofishin babban dogarin shugaban ƙasa, Manjo Hamza al-Mustapha, da wata runduna ta musamman da ke ƙarƙashinsa, da kuma sashen leƙen asirin soja, wanda ɗakunansa na Apapa suka yi ƙaurin suna. Isma'ila Gwarzo, wanda ya fara shugabancin SSS, shi ne mai ba da shawara kan tsaro. A watan Maris na 1995 aka kama Janar Obasanjo da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa bisa zargin juyin mulki, kuma 'Yar'aduwa bai fito da rai ba, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. An harbi Alex Ibru mai jaridar Guardian a watan Fabrairun 1996 ya tsira da rauni. An harbe Kudirat, matar M. K. O. Abiola, a Legas ranar 4 ga Yuni na wannan shekara. A watan Afrilunta kuma aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka ɗauke shi daga Sakkwato zuwa gabashin ƙasa aka tsare.

A nan ne ƙasar Zuru ta shigo cikin labarin. Tun zamanin Turawa mutanen wannan ƙasa, musamman Dakarkari, suka yi suna a aikin soja, har ya zama da wuya a sami gidan da ba wanda ya sa kaki. A shekarun mulkin soja wannan gado ya kai 'ya'yan Zuru ƙololuwa. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami ya yi gwamnan Bauchi daga 1984 zuwa 1985, Tanko Ayuba ya yi gwamnan Kaduna daga 1990 zuwa 1992, Dauda Musa Komo ya riƙe Jihar Ribas daga 1993 zuwa 1996, Musa Bamaiyi ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ɗan'uwansa Ishaya Bamaiyi kuma ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Lokacin da aka kama Janar Oladipo Diya a watan Disamba na 1997 bisa zargin juyin mulki, ya shaida wa kotun soja cewa tarko aka ɗana masa, ya kuma ambaci sunan Ishaya Bamaiyi. Shi kuwa Bamaiyi ya tsaya a kan cewa makircin na Diya ne. Wannan gardama ba ta mutu ba, kuma abin da zai iya kashe ta, wato takardu da kasa-kasai na hukumomin tsaro, ba a taɓa buɗe su ga masu bincike ba.

3.5 Shekarar 1999

Janar Abdussalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, ciki har da Obasanjo, ya kuma shirya zaɓe cikin ƙasa da shekara guda. Ana gab da miƙa mulki aka soke Doka ta 2 tare da wasu dokokin soja, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya san yadda ake ɗauke mutum da tsakar dare. Amma dokar 1986 ta tsallake. Sashe na 315, ƙaramin sashe na 5, na tsarin mulkin 1999 ya maimaita dabarar 1979: ya ambaci dokar hukumomin tsaron ƙasa a cikin dokoki huɗu da ba za a gyara ko a soke su ba sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Ma'ana sai an sami kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sa'an nan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Ke nan dokar da wasu hafsoshi ƙalilan suka zartar a barikin Dodan ta fi ƙarfin rinjayen wakilan da jama'a suka zaɓa. Wannan shi ne babban bambanci da Afirka ta Kudu, wadda tun 1994 ta yi sababbin dokoki, ta haɗe jami'an tsohuwar gwamnati da na ANC, ta kafa kwamitin majalisa na dindindin da ofishin babban sufeto mai karɓar koken jama'a a kan hukumomin.

Ta fuskar mutane kuwa, Shugaba Obasanjo ya yi wa hafsoshi 93 da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya a watan Yunin 1999. Wannan mataki ya shafi barikin soja ne, manufarsa kuma toshe ƙofar juyin mulki. A ɓangaren leƙen asiri abin da aka gani shi ne dawowar tsoffin hannu. Aliyu Mohammed Gusau ya zama mai ba da shawara kan tsaro. Abdullahi Mohammed, wanda ya buɗe NSO a 1976, ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Kanar Kayode Are, wanda ya fito daga leƙen asirin soja, ya karɓi SSS, ya riƙe ta har 2007. Hatta a ɓangaren adawa, Umaru Shinkafi ne ya tsaya mataimakin Olu Falae a zaɓen na 1999. Ba ana cewa waɗannan mutane suna da hannu a ta'asar zamanin Abacha ba ne, wasunsu ma gefe aka tura su a lokacin. Abin da ake nunawa shi ne babu wata tantancewa ta bai ɗaya da aka yi wa ma'aikata, babu kuma wanda ya zo daga wajen gidan.

3.5.1 Kwamitin Oputa da Shari'ar Bamaiyi

Abin da ya yi kama da buɗe fayil a Nijeriya shi ne kwamitin binciken take haƙƙin ɗan'adam da aka rantsar a watan Yunin 1999 a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Fada Matthew Hassan Kukah yake ciki. An faɗaɗa aikinsa ya koma har 15 ga Janairu 1966. Ya karɓi koke kimanin 10,000, ya zauna a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano da Inugu tsakanin 2000 da 2001, ana nunawa a talabijin. A karo na farko talakawa suka ga mutanen da a da ko sunansu ba a iya ambata da ƙarfi, suna zaune ana yi musu tambayoyi, suna kuma tona wa juna asiri. Obasanjo da kansa ya bayyana. Janar Buhari da Janar Babangida da Janar Abdussalami kuwa ba su amsa gayyata ba. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Mayun 2002, amma a farkon 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ta shafi Babangida cewa a ƙarƙashin tsarin mulkin 1999 ikon gwamnatin tarayya na kafa irin wannan kwamiti bai wuce Babban Birnin Tarayya ba. Gwamnati ta fake da wannan ta ƙi fitar da rahoton. Sai a 2005 wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu suka watsa shi da kansu.

Da aka rasa gyaran hukuma, sai nauyin zamanin duka ya faɗa a kan mutane ƙalilan. A ƙarshen 1999 aka gurfanar da Ishaya Bamaiyi da al-Mustapha da wasu a Legas kan yunƙurin kashe Alex Ibru. Bamaiyi ya yi fiye da shekara takwas a tsare kafin babbar kotu ta wanke shi a watan Afrilun 2008. Al-Mustapha kuwa an yanke masa hukuncin kisa a watan Janairun 2012 kan kisan Kudirat, sa'an nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi a watan Yulin 2013, bayan kusan shekara goma sha huɗu. Shari'o'in sun dogara ƙwarai a kan bakin shaidu irin su Saje Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Rogers, bakin kuma ya yi ta sauyawa. Sakamakon bai gamsar da kowa ba. Iyalan waɗanda aka kashe ba su ga an hukunta kowa ba. Mutanen Zuru kuma suna da hujjar tambayar dalilin da zai sa a riƙe mutum shekara takwas a ƙarƙashin mulkin farar hula kafin a ce ba shi da laifi, abin da ya yi kama da Doka ta 2 da aka ce an soke.

3.6 Abin Da Ya Biyo Baya, Daga Abuja Zuwa Wasagu

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ɗan buɗe ƙofa, sai dai ta keɓe abin da ya shafi tsaro, dokar sirrin gwamnati ta 1962 ma ba a soke ta ba. Majalisun tarayya suna da kwamitocin tsaro da leƙen asiri, amma abubuwan da suka faru sun nuna iyakarsu. A watan Afrilun 2017 aka gano dala miliyan 43 a wani bene a Ikoyi, NIA ta ce kuɗinta ne, abin da ya ci kujerar shugabanta Ayo Oke. Ranar 7 ga Agusta 2018 jami'an SSS, wadda ta koma kiran kanta DSS ko da yake doka ba ta sauya mata suna ba, suka rufe fuska suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, har Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kori shugabansu Lawal Daura a ranar. Kanar Sambo Dasuki ya zauna a hannunsu daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019 duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi. A gefe guda, adalci ne a ambaci cewa hukumar ta yi aikin da ya tsare rayuka, kamar sake kama Kabiru Sokoto a Mutum Biyu cikin 2012, wanda aka ɗaure kan harin cocin Madalla.

Gundumar Wasagu tana cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu mai hedkwata a Ribah, tana kuma iyaka da dazuzzukan Jihar Zamfara. A farkon watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama na wannan ƙaramar hukuma, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60, bayan kwana biyu kuma aka far wa tawagar mataimakin gwamna a Kanya, sojoji da 'yan sanda suka rasa rayukansu. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan hukumomin leƙen asiri, domin akwai rikicin manoma da makiyaya, da yaɗuwar makamai, da haƙar zinariya, da ƙarancin 'yan sanda. Amma a wannan yanki kowa ya san kalmar infoma, wato mutumin gari mai kai wa ɓarayin daji labari. Manomi da ya ga ayarin babura yana tsoron ya faɗa, domin bai san kunnen da maganar za ta ƙare a ciki ba, kuma shekarun da aka yi ana ɗaukar ɗan farin kaya a matsayin mai kama mutane ba su koya masa sakin jiki da shi ba.

Ranar 17 ga Nuwamba 2025, da asuba, aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya faɗa a bainar jama'a cewa an sami rahoton sirri kafin harin, an kuma tura sojoji, amma aka janye su ƙasa da awa guda kafin maharan su iso, ya nemi a binciko wanda ya ba da umarnin. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta kuɓuta da kanta, sauran 24 kuma aka sako su ranar 25 ga watan. A bisa maganar gwamna, a wannan karo labari ya samu a kan lokaci. Wanda zai tilasta a bayyana abin da ya faru tsakanin isowar rahoton da isowar babura shi ne aka rasa, domin dokar 1986 ba ta tanadi wani ofishi mai zaman kansa da iyayen yara a Maga za su kai kuka ba, gwamnan jiha kuma ba shi da iko a kan soja ko 'yan farin kaya.